Kwana Goma Sha Tara a Ingal

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na tona wa kaina asiri da bakina, a mikoro mai ƙara murya, cikin harshe biyu, ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Na so in manta. Mutanen unguwarmu ne ba su yarda ba.

Ni maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadas. Aikin ubana ke nan, aikin kakana ke nan. Lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka kore ni, ko ni na kori kaina, ban riƙe ba. Harafin boko ina iya zana shi a jikin ƙarfe kamar yadda nake zana idon hawainiya ko sawun dila, amma kada ka ce in haɗa su in karanta maka. Shekaruna sun wuce hamsin, bayana yana ciwo, idona ya gaji da hayaƙin gawayi, kuma ba ni da haƙurin dogon zance. Wannan ma don an dame ni da tambaya ne nake ba da shi sau ɗaya, kowa ya huta.

Kafin mu kai ga Alhamis ɗin, sai na fara faɗa muku abin da na ɓoye, tunda yanzu ba abin ɓoyewa ba ne.

Shekara bakwai kafin ranar, lokacin taron makiyaya na Ingal, na ɗaure kayana zan tafi talla: zobba, ƴan kunne, abin wuya. Matata Rakiya ta yi mini guzuri, ta raka ni bakin ƙofa. Ina tasha ina jiran mota ta cika sai wasu mutum biyu suka dafa kafaɗata, suka ce in zo mu ɗan gaisa a komisariya, wajen ƴan sanda. Ashe sati ɗaya kafin nan na sayi tsofaffin mundaye biyu a hannun wani da ya ce ya dawo daga haƙar zinariya a Jado hannu wofi, mundayen na marigayiya uwarsa ne. Na tausaya masa, na saya, na narke su. Uwar tasa kuwa tana nan da ranta a garinsu, mundayen na wata Hajiya ne da aka haura wa katanga.

Daga komisariya sai kaso, gidan yari. Abu ɗaya na roƙa, kada a aika gidana. Gara Rakiya ta ɗauka ina Ingal. Ku gane, matar nan tun da na aure ta take cewa a dangi, mijinta ba shi da komai amma ba a taɓa kiransa gaban hukuma ba. Abin alfaharinta ke nan guda ɗaya da ni. In na karɓe shi, da me zan bar ta?

Rana ta huɗu aka kira ni wani ɗan ɗaki. Na tarar da wata mace, gajera, siririya, da tabarau, da jaka cike da takardu kamar buhun shinkafa. Aka ce avoka ce (lauya, in ji masu labarai a radiyo), irin waɗanda ake ba talaka ba ya biyan ko dala. Kowa Metir yake ce mata, ni ma na bi, ban taɓa tambayar sunanta ba. Ban fara tambayarta yaushe zan fita ba. Na fara da cewa kada matata ta ji. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Baba maƙeri, abin da ya shiga kunnena a ɗakin nan, nan yake zama."

Tun daga ranar, kullum da azahar sai a kawo mini kwano, tuwon gero da miyar malohiya. Gardi mai tsaronmu ya ce daga wajen Metir yake zuwa. Miyar nan, jama'a, ko don ina kaso ne, ban taɓa shan irinta ba. Har waɗanda muke ɗaki ɗaya suka fara girmama ni saboda ita.

Kwana na goma sha tara aka kai ni babban zauren shari'a. Akwai wani katako da ake tsai da mutum a bayansa, ya yi santsi don yawan hannun da ya riƙe shi. Akwai wani tsohon tafinta, dogo, mai murya kamar daga cikin tulu. Ya ce, "Matso nan. Cire hula. Faɗi sunanka, da na ubanka, da na uwarka." Na faɗa. Metir ta tashi cikin baƙar riga mai farin ƙyalle a wuya, ta yi faransanci mai tsawo, ta juya ɓarawon nan da ya sayar mini da mundayen har ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi mini, kuma da rana tsaka ya kawo mini kayan a bakin maƙera. Aka sallame ni.

Da na fito ban nufi gida ba. Na shiga kasuwa na sayi dabinon Ingal, na je bayan tasha na zauna har motar Ingal ta iso, na shafa ƙura a ƙafa da rawani, sannan na yi sallama a gidana kamar wanda ya sha hanya. Na ce kasuwa ce ba ta yi ba, shi ya sa na daɗe. Rakiya ta karɓi dabino, ta kawo ruwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ai ban rame ba, wa yake ba ni abinci? Sai na ce matan Ingal. Na ce malohiyarsu ba irin ta nan ba ce, su sun san hannu. (Wannan ƙarin ba wanda ya sa ni. Kuma ban tsaya nan ba. Shekara bakwai, duk ranar da miya ta yi ruwa a gidana, sai na yi ajiyar zuciya in ce Allah ya jiƙan malohiyar Ingal.)

Metir kuwa, nakan gamu da ita a kasuwa ko a hanyar masallaci. Sai ta wuce ni kamar ta wuce bango. Da fari abin ya yi mini zafi, na ce wato talaka ba a gaishe shi. Daga baya na ga ai alheri ne, na riƙa gode wa Allah da ta manta da ni.

To, bara sai ga wani mutum ya yi sallama a maƙerata, da farar riga da alƙalami uku a aljihu. Ya ce shi ne Malam Sidi, magatakarda a gidan shari'a. Ina jin "gidan shari'a" awartaki ya faɗi daga hannuna. Sai da ya ce shekara huɗu ke nan da aka kawo shi daga Tawa sannan numfashina ya dawo. Wannan bai san komai ba.

Aiki ya kawo. Yana son tanagilt, abin wuyan nan namu na Agadas da baƙi ke rububi, amma babba, kamar tafin hannu. Na tambaye shi na namiji ne ko na mace, wuyan mai kauri ne ko siriri, don mu ba ma ƙera abu sai mun san jikin da zai ɗauka. Ya ce ba a wuya za a sa ba, a jikin katako za a kafa, a rataye a bango. Na ce bangon wa? Ya ce asiri ne, sai ranar buki za a sani. Na ce to me mutumin ya yi? Ya ce avoka ne, a cikin waɗanda ke yi wa jama'a aiki, abokan aikinsa suka zaɓe shi za su ba shi lambar yabo.

Nan kaina ya fara ɗaurewa. Na ce, "Malam Sidi, ni a sanina, in na kai wa mutumin shari'a kyautar azurfa a ɓoye, kaso za ku kai ni. Ku kuma za ku ba shi a fili, har da tafi?"

Ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce ba haka ba ne, Sarkin Maƙera (ni ba sarkin kowa ba ne, haka yake zolayata). Ya ce akwai avokan da in sun so sai su zauna Yamai cikin biro, ofis mai sanyi, su yi wa manyan kamfanoni aiki, amma suka zaɓi su bi kaso-kaso suna neman wanda aka manta da shi. Irin waɗannan ba wanda ke ce musu sannu. Shi ne aka ga ya kamata a tara mutane a ce wa ɗaya daga cikinsu sannu da ƙarfi. Na ce in sannu ce ai baki ya isa, amma tunda aiki ne kun kawo, zan yi.

Na yi kwana goma sha ɗaya a kansa. Na siffanta shi da kakin zuma, na lulluɓe da yumɓu, na gasa har kakin ya tsiyaye, na zuba narkakkiyar azurfa, na fasa, na bi da magagari har yatsuna suka yi kanta. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, gaskiya ke nan. Ana saura kwana biyu Malam Sidi ya kawo sunan a ƴar takarda, ya ce in zana a ƙasa, kuma kada in faɗa wa kowa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ko ni da na zana ban san me na zana ba.

Sai ya miƙo mini takardar gayyata, ta mutum biyu, ya ce za a kira ni in yi ɗan bayani kan yadda ake ƙera tanagilt, don manyan baƙi daga Yamai su ji. Kuskurena shi ne a tsakar gida ya faɗi wannan, Rakiya tana tankaɗe. Na ce mata za a yi zafi, ta ce ta saba. Na ce faransanci za a yi ta yi, ta ce ba ji za ta je yi ba, gani za ta je yi. Kafin in samo dalili na uku har ta fiddo atamfarta ta buki tana kakkaɓewa. Na haƙura. A raina na ce ai a gidan taro za a yi, me zai faru? Na ma zauna na shirya bayanina: kaki, yumɓu, wuta, azurfa, magagari. Abu biyar. Na yi ta maimaitawa a yatsu.

Ranar Alhamis da safe muka isa gidan taron, sai wani mai gadi ya ce an ɗaga buki, ana gyaran rufin nan, a tafi gidan shari'a, babban zaure.

Muka shiga. Zauren yana nan yadda na bar shi. Fankar nan mai kuka tana nan. Katakon nan yana nan, sai dai an ɗaura masa mikoro, wai wayar gajera ce, iyakarta ke nan. Baƙaƙen riguna sun cika gaba, jandarma biyu a ƙofa, alƙali a tsakiya. (Ba shi ne alƙalin da ya yi mini shari'a ba, amma rigar ita ce.) Ga kuma tsohon tafinta, bai mutu ba, bai ƙara tsufa ba, yana tsaye a inda na san shi. Aka zaunar da mu a layi na huɗu. Rakiya sai kallon ko'ina take tana cewa ashe haka ciki yake. Ni kuwa na ja rawani na rufe har hanci.

Aka yi jawabi, aka yi jawabi, aka ƙara jawabi. Ban gane wa ake yabo ba, wa ke yabon, don kowa ya tashi sai ya yi ta gode wa wanda ya zauna. Ina ta ƙirga abubuwana biyar a yatsu. Can sai Malam Sidi ya buɗe ambulan ya kira suna, zaure ya ɗauki tafi, wata gajeriyar mace mai tabarau ta miƙe daga cikin baƙaƙen rigunan.

Metir ce. Da hannuna na zana sunanta, harafi bayan harafi, ban sani ba.

Abu biyu suka taso mini lokaci ɗaya. Ɗaya murna, don wallahi in akwai wadda ta cancanci azurfar nan ita ce. Ɗayan kuma ya shaƙe murnar tun ba ta kai baki ba: in za a yabe ta, ai aikinta za a lissafa. Ni kuwa ina cikin aikinta.

Haka aka yi. Wani babba ya riƙa karantawa da faransanci, tafinta yana juyawa da Hausa don mu na baya. Ya ce ta bi hamada har wuraren haƙar zinariya ta fiddo samarin da aka tsare wata da watanni ba a kai su gaban alƙali ba. Ya ce ta ƙwato wa wata gwauruwa garkarta a Dabaga. Ya ce motarta ta taɓa lalacewa a hanyar Iferwan, ta hau motar albasa don kada a yi zaman shari'a ba ta nan. Duk ina tafi tare da mutane. Sai ya ce, akwai kuma wani magidanci, mai sana'ar hannu, da ya sayi kayan sata bai sani ba, aka rufe shi, iyalinsa ba su san inda yake ba, ita ce ta tsaya masa har ya fita.

Hannuna ya tsaya a sama. Na saci kallon Rakiya, tana gyara ɗankwali. Na ce a raina shi ke nan, an shirya mini. Gayyatar mutum biyu, ɗaga buki zuwa zauren nan, tafintan nan, duk shiri ne. Amma shirin me? Za a sake shari'ar ne? Hajiya mai mundaye ta ɗaukaka ƙara? To in sake shari'a ne me ya kawo lemu da biskit a teburin baya? Ina cikin wannan lissafi aka miƙa wa Metir katakonta mai tanagilt, aka ɗauki hoto, sai na ji Malam Sidi ya kira sunana.

Na san dalilin kiran. Wallahi na sani, abu biyar ɗina suna nan a yatsuna. Na tashi da niyyar kaki da yumɓu. Amma da na isa gaban katakon nan, hannuna ya kama shi daidai inda ya taɓa kamawa, sai tsohon tafinta ya juyo, cikin muryar nan tasa ta tulu, ya faɗi abin da ya saba faɗa wa duk wanda ya tsaya a wurin shekara talatin:

"Matso nan. Faɗi sunanka."

Shi nufinsa baƙi su san ni. Ni kuwa jikina bai tsaya jin nufi ba. Na kwance rawani na ajiye. Na mai da hannu baya. Na faɗi sunana, da na ubana, da na uwata, da unguwarmu, da sana'ata. Daga nan na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san na sata ba ne. Ya ce mini na uwarsa ne."

Tafinta, da yake aikinsa ke nan, bai tambayi komai ba, ya juya da faransanci. Malam Sidi, da yake aikinsa ke nan, na ga ya zaro alƙalami ɗaya daga aljihu ya fara rubutawa, sai da ya yi layi biyu sannan ya ɗago kai ya buɗe baki. Alƙali ya dubi takardar tsarin buki, ya juya bayanta, bai ga wurin ba, sai ya ɗauka wata shaida ce aka shirya don a burge baƙi. Ya yi magana. Tafinta ya ce, "Alƙali ya ce, sai kuma aka yi yaya?"

To an tambaye ni. Mutum yana bayan katakon nan alƙali ya tambaye shi, ya yi shiru? Na ba da labari. Mundaye, tasha, komisariya, kaso. Ina faɗa, ana juyawa, mutanen Yamai suna gyaɗa kai cikin tausayi, wata ma ta fiddo salula tana ɗauka. Wani ɓangare na kaina yana ihu yana cewa kai, kaki, yumɓu, amma bakina ya riga ya kama hanya.

Metir ce ta yi ƙoƙarin cetona, karo na biyu a rayuwa. Ta matso da katakonta a hannu, ta sa tafin hannu ta rufe mikoron, ta ce a hankali, "Baba maƙeri, aikin hannunka aka tambaye ka. Faɗa musu yadda ka ƙera wannan, ka je ka zauna."

Da mai hankali ne da ya kama igiyar nan. Ni sai na ji haushi. Na ɗauka har yanzu ba ta gane ni ba, bayan yanzun nan aka gama karanta labarina a cikin aikinta. Na janye mikoron daga hannunta na ce, "Metir, ni ne fa. Na mundaye. Kwana goma sha tara. Ke ce ma kike aiko mini da tuwo."

Ta rufe ido. Na ga ta rufe ido kamar mai ciwon kai.

Sai a lokacin wani abu ya faɗo mini, na tuna abin da ya fi komai. Na juya wajen alƙali, na rage murya (na manta mikoro ba ya rage murya), na ce, "Ranka ya daɗe, roƙona ɗaya ne, kada matata ta ji. Ita ta san ina Ingal."

Tafinta ya juya wannan ma da faransanci.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Na baya, masu jin Hausa, su suka fara. Sannan na gaba suka karɓa da fassarar ta iso musu. Jandarman ƙofa ɗaya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Alƙali ya sa takardar tsarin buki ya rufe fuska. Ni ina tsaye, kai ba rawani, ina tambayar kaina me aka gani na dariya a shari'ar mutum. Sai na bi inda idanun mutane suka nufa, layi na huɗu, atamfar buki. Rakiya tana zaune, hannu a kan cinya, ita kaɗai ce ba ta dariya a zauren.

Malam Sidi ne ya kamo hannuna ya fitar da ni ta ƙofar gefe, ya miƙo mini rawanina da lemu. Na ce masa ai su suka fara, su suka karanta labarina. Ya ce wane labari? Mutumin da aka karanta tela ne a Arlit, keken ɗinki ya saya. Ya ce irin shari'ata Metir ta yi ta fi a ƙirga, kuma ko sunan mutum ɗaya ba ta yarda an sa a takardar ba. Na ce to me ya sa take wuce ni a kasuwa ba gaisuwa? Ya ce haka take yi wa duk wanda ta taɓa karewa, ba ta fara gaishe shi cikin mutane sai in shi ya fara, don kada a tambaye shi ina ya san avoka.

Wato shekara bakwai matar nan tana riƙe mini asiri har da ƙin gaishe ni, ni kuma na zo ranar bukinta na zubar da shi a gaban baƙinta.

Muka kamo hanyar gida da Rakiya, rana tsaka. Ta tsaya ta sayi albasa, ta yi ciniki kamar kullum, ina tsaye a bayanta kamar ɗan rakiya. Na so ta yi faɗa a hanya a gama. Ba ta yi ba. Sai da muka shiga gida, ta cire atamfa ta ninke, ta zauna a tabarma, sannan na durƙusa na fara, na ce uwar Amadu, ki yi haƙuri, abin da kika ji…

Ta ce, "Malam, wa kake tsammani ya je ya kira Metir?"

Ban gane ba. Ta ce kwana biyu da tafiyata matar direban motar Ingal ta tambaye ta a wajen suna me ya hana maigidanta shiga mota. Daga nan ta bi tasha, ta bi komisariya, har ta gano inda nake. Aka ce mata akwai wata avoka da ba ta karɓar komai, amma dosiye, takardun shari'a, sun yi mata yawa. Ta je ta zauna a ƙofar biron Metir tun safe har la'asar, kwana biyu, sai da ta karɓi nawa. Ita ce kuma ta roƙi Metir kada ta faɗa mini, tunda an ce abin da ya fi damuna a kaso shi ne kada ta ji.

Na ce to ashe zauren nan kin san shi? Ta ce ranar shari'ata tana can baya cikin lulluɓi. Na ce to da kike cewa ashe haka ciki yake? Ta ce taya ni ɓoyo take yi.

Na bar durƙuso na zauna sosai. Na ce shekara bakwai, ba ki taɓa ce mini komai ba. Ta ce na shigo da ƙura a rawani har da dabino, ta ga wahalar da na sha wajen shirya ƙaryar, ta ga ba kyau ta ɓata mini. Ta ce dabinon ma na wajen mai rumfa ta uku ne a kasuwa, ta san ɗaurinsa. Ta ce duk wannan ta yafe tun tuni, abu ɗaya ne ya tsaya mata.

"Malohiyar Ingal," in ji ta. "Shekara bakwai kana yi mini gori da ita. A tukunyar can na dafa ta, ni nake kai wa Metir kwanon kullum."

Na dubi tukunyar. Tukunyar ma kamar kallona take.

Bayan kwana uku na je biron Metir in ba ta haƙurin ɓata mata buki. Na tarar da mutane sun cika dakali, tanagilt ɗina kuma ba a bango yake ba, ta danne tarin takardu da shi kada fanka ta kwashe. Ta ce ba abin da na ɓata, mutanen Yamai sun ce shaidata ta fi duk jawaban. Ta ce amma in na sake samun kaina gaban alƙali, Allah ya kiyaye, in yi shiru har sai ta iso. Yanzu in mun gamu a kasuwa tana gaishe ni, tunda ba sauran abin da za ta kare.

A unguwa kuwa sunana ya koma Na-Ingal. In na ɗan makara a masallaci sai a ce ko an leƙa Ingal ne. Na gaji da jin haushi, ina amsawa.

Na ƙera wani tanagilt ɗin, ƙarami, na wuya, wannan karon na san jikin da zai ɗauka. Na ba Rakiya ba jawabi, ba tafinta. Ta juya shi ta duba baya ta ce ina sunan? Na ce wanda ya san aikin ya san mai shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Avokan da ya riƙe maka asiri, ka taya shi riƙewa, kada ka ƙwace mikoro a hannunsa. Kuma in ka yi ƙaryar tafiya, ka tsaya a dabino. Miyar garin da ba ka je ba, kada ka yabe ta a gaban matarka.